Tagar Rai ta Gidan Imseng

Likita ya hauro daga garin Visp da ke gindin dutse da safiyar Talata ya duba Wisi Imseng, bai yi minti goma a ɗakin ba. Ya fito kicin yana wanke hannu, ya gaya wa Kathri, matar Wisi, abin da ta riga ta sani tun kaka: huhun ya gama nasa, saura kwana ɗaya, in an yi sa'a biyu. Ya ce in suna so a sauko da shi asibiti. Kathri ta ce ba sa so. Ta yanko masa cuku mai kauri ta naɗe a takarda, don ita ba ta yarda mutum ya hau dutsen nan saboda ita ya koma haka nan, gobe a ce ya yi mata alheri ba ta rama ba.

Da ta koma ɗaki sai ta tarar Wisi ya juya kai yana kallon bango. Farin bango ne fes, na bulo da fenti, babu abin kallo a jikinsa.

"Kathri."

"Ina jin ka."

"Wa zai buɗe min?"

Ta san abin da yake nufi. Ta gyara masa bargo da ƙarfin da bai kamata ba.

"A buɗe maka me? Ai ka sayar."

Shi ke nan, ta zauna a gefensa.

Duk tsohon gida a kwarin nan yana da tagar rai. 'Yar kafa ce a bangon katako na ɗakin zama, can sama kusa da rufi, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, da murfin da ake turawa gefe, da gicciye da aka sassaƙa a kanta. Ba a taɓa ta sai wani na gidan yana kan gargara. Sai a buɗe. In numfashi ya tsaya a karanta addu'ar Ubanmu sau ɗaya, a rufe ruf. Rai ya fita, ba shi da hanyar dawowa. Ba a yin haka da ƙofa ko taga ta masu rai, don kullum buɗe su ake yi, wanda ya fita ta nan ya san hanya, kuma wanda ya dawo bai taɓa dawowa da alheri ba, ga kansa ko ga na gida.

Sau uku Kathri ta tura murfin nan da hannunta. Ta buɗe wa uban Wisi, ta buɗe wa uwarsa da ta yi shekara ashirin tana tsangwamarta a kan gishirin miya, ta kuma buɗe wa Vreni, 'yarsu ta fari, tana wata huɗu a duniya. Ran Vreni, Wisi ne ya riƙe mata kujera ta hau, don shi ya kasa buɗewa.

To, shekara biyu ke nan aka kwantar da Kathri a Visp aka yi mata aikin ƙugu, sati shida. A cikin satittikan nan ne wata mata daga birnin Zurich, wai ita Sibylle, mai ƙawata wa masu kuɗi gidaje, ta bi ƙauyen gida gida tana ƙwanƙwasa katako da farce. Ita inda ƙwaro ya ci ne ya fi mata daraja. Inda hayaƙin shekara ɗari uku ya baƙanta, nan take tsayawa tana dafa ƙirji. Wani attajirin birnin Basel ne ya gina ƙaton gida a saman gangare, yana son ɗakin zamansa ya zama irin na talakawan da. A lokacin kuma ma'aikatan gwamnati sun matsa wa Odilo, ɗan su Kathri, sai ya yi wa shanu sabon garke ko a hana shi sayar da madara. Uba da ɗa suka sa hannu. Aka warware ɗakin gungume gungume, kowanne da lambarsa da alli, da rufin, da bencin, da murhun dutse, aka ɗora a mota. Kathri ta dawo da sanda biyu ta tarar da fari.

Da ta tambayi tagar, Wisi dariya ya yi. A lokacin huhunsa na iya dariya.

"Ke dai Kathri. Ramin hayaƙi ne kakanni suka yi, tsofaffin mata suka ɗora masa labari."

Ba ta ƙara yi masa magana ba har shanu suka sauko daga kiwon rani. Tana dafa masa, tana wanke masa, amma baki gum.

Yanzu ga shi kwance, ƙashi da fata, robar iska a hanci.

"Ramin hayaƙi," in ji ta.

"Na faɗa."

"Tsofaffin mata."

"Na faɗa, Kathri. Kina so in sake faɗa ne ki ji daɗi?" Ya tsaya ya ja numfashi, ƙirjin na ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa. "Baba ta nan ya fita. Inna ma. Yarinyar ma. Ni ta ina zan bi in same su?"

"Sai ka bi ta garken shanu, ai sabo ne."

Ya so ya yi dariya, tari ya kama shi. Ta ɗago shi ta riƙe har ya lafa. A nan ta ji yadda jikinsa ke karkarwa, kuma ba sanyi ba ne. Shekara hamsin da ɗaya tana tare da mutumin nan. Ta ga ƙanƙara ta rufto ta binne masa tumaki goma sha bakwai, ya ɗauki shebur ya fita. Ba ta taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai yau.

Ta kwantar da shi, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki sanda.

Gidan Odilo na manne da nasu. Marlis, matar Odilo, tana ferar dankali. Ita ce ke share gidan mutanen Basel sau biyu a sati, makullin na rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin, kowa ya sani.

"Inna, yaya jikin Baba?"

"Mutuwa zai yi. Ba ni makullin can."

Marlis ta ajiye wuƙa. "Wane can?"

"Kada ki mayar da ni yarinya. Ɗakinmu yana sama, tagar tana jikinsa. Can za a kai shi."

"Inna, haba. Gidan mutane ne fa. Na sa hannu a takarda, ko Odilo ban isa in shiga da shi ba. In suka ji, aikin ya tafi."

Kathri ta ja kujera ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan sanda.

"Shekarar da kika haifi tagwaye, zazzaɓi ya kwantar da ke. Sati nawa?"

Marlis ta sunkuyar da kai.

"Bakwai. Uwarki ta zo kwana biyu ta ce dutsen na sa ta jiri, ta koma. Wa ya wanke ki? Wa ya goya biyu yana tatsar shanu tara? Shekara goma sha tara ke nan, kin taɓa jin na ɗaga maganar ko da wasa?"

"Ba ki taɓa ba."

"To yau na ɗaga. Daga yau kuma mun rabu, ba ki da nauyina a wuyanki."

Odilo ya shigo daga garke a daidai nan, yana warin taki. Da ya ji zancen sai ya hau faɗa: mutum na mutuwa a ɗora shi a mota cikin sanyi, mutane su ce me, fadan coci ya riga ya zo jiya ya shafa masa mai, me kuma ya rage, wannan ai camfi ne.

"Kai rufe min baki, mai garke," in ji Kathri. "Ubanka ya sayar da ƙofarsa don shanunka su kwana a kan roba. Je ka sa katifa a bayan mota."

Ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya ga ta riga ta ciro makulli daga ƙusa. Ya fita.

Da azahar suka hau. Wisi na bayan a-kori-kura cikin bargo uku, tukunyar iskarsa a gefe, Kathri na zaune kusa da kansa, ƙugunta na sukarta a duk kwana. Ƙanƙara ba ta kwanta sosai ba tukuna, ciyawa duk ta yi ja. Maƙwabciyarsu, matar gidan Supersaxo, ta leƙo ta taga ta gan su, ta yi alamar gicciye. Kathri ta lura, ta riƙe a ranta cewa ita kaɗai ce ta yi a duk layin.

A ƙofar gidan suka tarar da wata ƙaramar mota. Marlis ta ce, "Mun shiga uku. Ita ce."

Sibylle ce ta buɗe kafin su sa makulli, doguwa, cikin rigar ulu fara, da ƙararrawar shanu guda biyu a hannu. Masu gidan sai Kirsimeti za su zo, ita ta zo gyara ɗakin ne don gobe masu ɗaukar hoto na tafe. Ta dubi Marlis, ta dubi katifar, ta dubi tsohon da ke ciki.

Kathri ba ta bari kowa ya riga ta ba.

"Madam, kin san ni ko ba ki san ni ba, ni ce mai ɗakin da kika saya ina asibiti. Wannan mijina ne. Ya zo ya mutu a ƙarƙashin tagarsa. In ya gama za mu ɗauke shi, mu share miki."

Sibylle ta sake duban tsohon. Idonta ya ciko, abin da Kathri ba ta zata ba kuma bai burge ta ba.

"Na karanta labarin tagar nan," in ji Sibylle. "Ban san har yanzu ana yi ba. Ku shigo." Ta matsa gefe, sai kuma ta ƙara a hankali, "Amma don Allah a cire takalma."

Suka cire. Odilo ya sungumi ubansa kamar ɗan maraƙi, safarsa da huji a babban yatsa, ya bi ta wani dogon zaure mai gilashi, har ɗakin.

Ɗakinsu ne. Kathri ta gane kowane gungume. Ga tabon inda fitila ta taɓa kama wuta, ga inda Odilo yana yaro ya kafta sunansa da wuƙa ya sha duka. Sai dai an goge komai da kakin zuma yana ƙyalli, an shimfiɗa buzu fari a kan bencin da surukarta ke zama tana tsinar wake. Manjagarar ciyawa an kafe ta a bango da lauje biyu a gicciye, kamar wani zai yi yankan ciyawa a ɗaki. Murhun dutse na nan da shekarar gininsa a goshi, ta dafa ta ji sanyi ƙalau, wata 'yar fitilar lantarki ce a ciki take rawa kamar wuta. Ɗumin daga ƙasa yake zuwa, ta ji shi a tafin ƙafa. A lungu kuma ga gadon jariri na katako, wanda Wisi ya sassaƙa da hannunsa, an jera kwalaben giya a ciki. Ba ta ma san sun haɗa da shi ba. Ta dubi Odilo. Ya kau da kai.

Aka shimfiɗa katifar a ƙasa, daidai ƙarƙashin tagar. Wisi ya buɗe ido ya bi rufin da kallo, fuskarsa ta saki.

"Sun wanke kunkunniyar," ya ce.

"Sun bar kaɗan, ita suka fi biya," in ji Kathri. "Kwanta."

"Kin ga, Kathri, da na san haka ɗakinmu yake da kyau da ban sayar ba."

"Ka yi shiru ka adana iskarka, tsoho."

Suka zauna. Marlis ta durƙusa tana jan carbi. Sibylle ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba. Wajen ƙarfe uku numfashin Wisi ya canja. Ya riƙa ja sau uku, huɗu, ya tsaya, har sai ka ce shi ke nan, sannan ya dawo. Kathri ta san wannan numfashin. Ta miƙa wa Odilo hannu ya taimake ta ta hau benci. Murfin na nan, gicciyen na nan, har santsin da yatsun mutanen gidan suka yi wa gefensa. Ta tura.

Wani ɗan gilashi ne a ciki yana haske shuɗi, da lamba ashirin da biyu.

Ta tsaya tana kallonsa.

"Na'urar sarrafa ɗumin ƙasa ce da fitilu," in ji Sibylle daga ƙofa, muryarta na raguwa tana magana. "Ba mu so a ga roba a jikin tsohon katako, sai muka ga wurin ya yi daidai... Na zaci kun sani. Na zaci buɗewar kawai ake bukata."

"Bayansa fa?"

"Bango."

"Wane irin bango?"

"Kankare. Katakon ai yanka shi aka yi, aka manna. Kaurin yatsa uku ne."

Kathri ta sa hannu ta ƙwanƙwasa gungumen da ta san kaurinsa ya kai cinyar namiji. Ya amsa mata kamar akwatin da ba komai.

Daga ƙasa Wisi ya ce, "An buɗe?"

Ya sake kira.

"Kathri. Ban ji iska ba."

Da wata ce da ta ce an buɗe, iskar ce ba ta kaɗawa yau, ya tafi da daɗin rai. Marlis ma ta ɗago tana yi mata alama da ido ta faɗi hakan. Amma Kathri ba ta taɓa ba mutum jabu ta ce na gaske ne ba, balle a ranar da ba zai iya dawowa ya yi ƙorafi ba. Kuma ita ba daɗin ransa ta hau dutsen nan nema ba, hanya ta zo nema masa.

"Ba a buɗe ba. Sun toshe. Ka jira." Ta juya. "Odilo, injin huda na mota?"

"Inna..."

"Yana mota ko ba ya mota?"

"Yana nan."

"Ɗauko."

Sibylle ta shigo ɗakin a guje. "A'a, a'a, ku tsaya. Wannan bangon ba nawa ba ne. Akwai wayoyi a ciki, akwai soso na tare sanyi, gobe za a ɗauki hoto. Mu buɗe babbar taga mana, ga ta nan, duk da girmanta."

"Ta masu rai ce. Ki buɗe in kina jin zafi."

"Zan kira masu gidan."

"Kira su. Ki ce Kathri Imseng ce, gida na uku daga coci."

Matar ta fita da waya a kunne. Odilo ya dawo da injin da jakar ƙarafa, ya hau benci da safarsa mai huji, ya zare gilashin da sukundireba ya bar shi yana lilo a jikin waya. Fitilun ɗakin suka mutu, har da ta cikin murhu. Bayan wurin toka-toka ne, sumul. Ya dubi ubansa sau ɗaya, ya kafa ƙarfe.

Ƙarar ta cika ɗakin har kwalabe na kaɗawa a gadon jariri. Ƙura ta fara zubowa, fara, laushi kamar gari, daidai kan fuskar Wisi, don sun kwantar da shi a ƙarƙashin tagar kamar yadda ake yi. Ya yi tari, ƙaramin tari marar ƙarfi. Kathri ta yi wa Marlis ihu su ja katifar, Wisi ya riƙe mata hannun riga ya girgiza kai. Ba zai matsa daga nan ba. Sai ta kwance ɗankwalinta ta yafa masa a fuska, ta kama hannunsa ta riƙe.

"Yi sauri, kai!"

"Akwai rodi a ciki, Inna!"

Ya kauce ya sake kafawa. Ƙarfen ya shige har gindinsa bai fita ba. Ya sauko ya zazzage jakar a kan buzun mutane, ya samo dogo, ya ɗaura. Kathri na kallon bayansa, tana kallon ƙurar, tana ƙirga a ranta. Hannun Wisi na cikin nata, da ɗumi. Ta tuna ta matsa shi sau ɗaya ya matsa nata. Ko sau biyu ne. Bayan nan ita dai bangon take kallo, kamar kallon zai taimaka wa ƙarfen.

Sai injin ya zurma gaba, Odilo ya kusa buga goshi. Ya zare. Ɗan rami kamar babban yatsa, da ɗigon hasken rana a ƙarshensa. Iska ta shigo da siririn fito, mai sanyi, mai ƙanshin ƙanƙara. Kathri ta ji ta a kan gashinta.

"Wisi, ga ta nan. Ka ji?"

Ta ɗaga ɗankwalin.

Idonsa a buɗe rabi, bakinsa a buɗe. Ba ta bukaci likita ba.

Shirun da ya biyo bayan injin har kunne yake sa wa ƙara. Kathri ta taɓa wuyansa, ta taɓa ƙirjinsa, ta sa hannu a bayansa. Ko'ina ɗumi. Ƙasan ɗakin ta gasa katifar tun azahar, da mai rai da gawa duk ɗaya za su ji a hannu.

"Marlis. Yaushe?"

Marlis na kuka. "Ban gani ba, Inna. Na rufe ido, addu'a nake."

"Odilo?"

"Bayana na ba shi."

"Ba wanda ya ga ƙyallen ya daina motsi?"

Ba wanda ya gani. Sibylle na bakin ƙofa, wayar a hannu, ita ma ta girgiza kai.

Kathri ta rufe masa ido, ta ɗaure masa haɓa da ɗankwalin. Ta fara Ubanmu da ƙarfi, su biyun suka bi ta. Da suka kai amin Odilo ya ɗora hannu a kan murfin.

"In rufe?"

Kathri ta dubi murfin. In bayan hudawar Wisi ya cika, ya riga ya fita, kowane minti da aka ƙara hanya ake ba shi ya juyo. In kuwa kafin ne, to ya tashi ya tarar da kankare, Allah kaɗai ya san lungun da ya shige a wannan ƙaton gida mai ɗaki goma sha ɗaya, kuma ko zai gane ɗan ramin nan nasa ne. Ba wata tsohuwa da ta taɓa gaya mata abin da ake yi a irin wannan, don ba a taɓa yi ba.

Ta sake karantawa. Ta ƙara na uku. Haƙoran Marlis suka fara haɗuwa don sanyi.

"Rufe," ta ce.

Ran Juma'a aka binne shi. Mutum shida suka ɗauki akwatin, huɗu daga cikinsu Wisi ya taɓa ɗaukar gawar iyayensu, biyun kuwa Kathri ta aika musu da busasshen nama washegari don kada abin ya kwana. Mutanen Basel ba su kai ƙara ba. Sun aiko da furanni da kati, sun kuma aiko a karɓi makulli daga hannun Marlis. Odilo ya sayar da karsana ɗaya aka gyara bangon, aka cika ramin, aka mayar da gilashin. Marlis ta daina shigowa wurin surukarta shan kofi da hantsi, Kathri kuma ba ta ga laifinta ba.

Abin da ya hana ta sakat shi ne rashin sani. Ta tambayi fada, ya ce mata rahamar Allah ba ta bukatar rami. Ta ce ai ba rahamar Allah ta tambaye shi ba.

Bayan sabuwar shekara, wata Lahadi da aka fito coci, ta hau gangaren da ƙafa. Awa ɗaya da rabi ta yi. Matar gidan ce ta buɗe, wata gajeruwa mai fara'a, kumatunta ja daga wasan zamiya a kan ƙanƙara. Da ta ji sunan sai ta kama hannun Kathri da hannu biyu, ta shigar da ita, ta zaunar da ita a kan buzu, ta kawo shayi da biskit. Ta yi ta cewa ɗakin nan shi ne ran gidan, duk baƙon da ya zo a nan yake zama.

Kathri ta riƙe kofin ba ta sha ba. Ta kasa kunne. Ana jin yara a sama, ana jin wani inji na wanke kwanuka.

"Madam, in tambaye ki. Tun da kuka zo, kuna jin wani abu? Tari, ko takun mutum. Ko ku ajiye abu ku tarar an matsar."

Matar ta gane. Ta dafa mata gwiwa.

"Ko kaɗan, Inna. Wallahi ba mu taɓa barci mai daɗi irin na bana ba. Ki kwantar da hankalinki, ya tafi."

Kathri ta gyaɗa kai. Ta ajiye kofin, ta ciro kwalbar zumar da ta zo da ita daga aljihun kwat ta ɗora a tebur, ladan shayin. Ta yi godiya, ta sa takalmi.

A waje ta tsaya ta gyara riƙon sanda. Maganar matar ba ta warware mata komai ba. Wisi ko da ransa, in ya shiga gidan manya, lungu yake samu ya zauna, hula a kan gwiwa, ba ya tari, ba ya taɓa kayan kowa, ba ya tambayar ina ƙofa sai an nuna masa.

Ta fara gangarowa a hankali, tana kafa sandar kafin ƙafa.